Rap ɗin da da na yanzu: me ya raba kunnen manya da na shabab?

Abu Salma, Jidda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga masana kiɗa ce, musamman masu aikin situdiyo a nan Jidda da Makka. Hausawanmu da suka haura arba'in, waɗanda suka tashi da kaset ɗin Tupac da Biggie, in aka sa musu rap ɗin yanzu sai su ce wannan ba waƙa ba ce, rugugi ne da gunguni, ba a jin kalma ko ɗaya. Su kuma shabab 'yan ƙasa da ashirin da biyar, in aka sa musu na da sai su ce ya yi tsawo, kiɗan ba nauyi, mawaƙin ya cika surutu. Kuma dukansu rap suke so, ba wanda ya ƙi shi.

Ba so nake a ce mini wane ya fi wane ba. So nake a warware mini abin da ya canza a cikin kiɗan kansa, a lissafe. Sannan wanda zai haɗa rap da Hausa da ɗan surkin Larabci, yana so manya da yara su tsaya su ji, ko wanda zai sa kiɗa a taron istiraha, wato gidan hutun da ake haya don biki, inda kowa da kowa ya hallara, ta ina zai ɓullo wa abin?

Injiniya Bashir, Shara Mansur, Makka

Wa alaikumus salam Abu Salma. Mu fara da maganar da ake yawan yi cewa na yanzu ya fi sauri, don rabinta ce kawai gaskiya.

Kiɗan birnin Niyok na tsakiyar shekarun 1990, wanda ake kira bum-baf, yawanci yana tafiya tsakanin bugu 85 zuwa 95 a minti. Layi ɗaya bugu huɗu ne, sineya, wato ƙaramar gangar nan mai cewa "tas", tana sauka a bugu na 2 da na 4. In kiɗan yana kan 90, sineya 45 ke nan a minti. Tiraf, salon rap ɗin yanzu da ya taso a Atlanta, kuwa ana saita shi wajen 140, amma sau ɗaya sineyarsa ke sauka a layi, a bugu na 3. Raba 140 gida huɗu, 35. Ka ga wurin gyaɗa kai raguwa ya yi, ba ƙaruwa ba. Abin da ya yi gudu shi ne hayihat, 'yar ƙarar "tsit-tsit" ta sama. A na da sau biyu ake buga shi a kowane bugu, sau uku a sakan, yana tafiya a daidai. A tiraf yana cikin tafiya sai ya ɓarke zuwa sau takwas a bugu, kusan sau 19 a sakan, ya sake lafawa. Kunnen da ya saba rataya kalmomi a kan sineya ta 2 da ta 4 sai ya ji an janye masa madogara, an kuma cika masa sama da kacaniya.

Dalilin wannan yana cikin kayan aiki. A 1973 a unguwar Bronx, DJ Kool Herc injin faifai biyu yake amfani da su da kwafi biyu na faifai ɗaya, yana maimaita wurin da ganga kaɗai ke tashi. Daga baya na'urar yankan sauti ta karɓi aikin. SP-1200 ta kamfanin E-mu, wadda ta fito a 1987, sakan 10 kacal take ɗauka, shi ma an raba shi gida huɗu, sakan biyu da rabi kowanne. Dole mai haɗa kiɗa ya yanko gutsure gajere daga tsohon faifai, layi ɗaya ko biyu, ya rinƙa juya shi. Dabarar da suka ɓullo da ita: faifan da aka yi don juyi 33 a minti sai su kunna shi a 45, su ɗauka, sannan su saukar da muryar a cikin na'ura. Da haka sakan 10 ke ɗaukar abin da ya kai sakan 13 da rabi. Saukar da muryar, haɗe da cewa na'urar mai bit 12 ce, shi ke kawo ƙura-ƙuran nan da manya ke kira ɗumi. MPC60 ta Akai ta biyo a 1988 da maɓallanta 16 da ake bugawa da yatsa. Kuma gutsattsarin nan daga faifan fank da jaz da sol ake yanko su: kakaki, fiyano, jita. Duk sautukan tsakiya ne, waɗanda kaset da rediyon mota ke fitarwa ba wahala.

A 1991 wata kotu a Niyok ta yanke hukunci kan Biz Markie saboda yanko waƙar wani ba izini. Tun daga nan sai an nemi izini an biya, abin ya yi tsada, masu haɗa kiɗa da yawa suka koma kaɗa nasu. Nan 808 ta samu fili. Roland ta fitar da na'urar kaɗa ganga TR-808 a 1980, ta daina yin ta a 1983 bayan kimanin guda 12,000, saboda ba ta yi kama da ganga ta gaske ba, kasuwa ta ƙi ta. Babbar gangarta ba fata ba ce aka ɗauka, sautin lantarki ne da ake iya ja ya yi tsawo. Biranen kudancin ƙasar Amurka, Miyami da Memfis da Atlanta, inda ake jin kiɗa a mota mai manyan sifiku, su suka mayar da ita ginshiƙi. Yau in yaro ya ce 808, ba na'urar yake nufi ba, dogon rugugin nan yake nufi, wanda ake ba wa murya ya hau ya sauka, yawanci tsakanin 40 zuwa 60 Hz, wato ma'aunin kauri da sirancin sauti. Wannan da ƙirji ake jin sa fiye da kunne. Shi ne nauyin da shabab ke cewa babu a na da, kuma gaskiyarsu ce, babu shi da yawa.

Sai murya. Auto-Tune ya fito a 1997 don gyara kuskuren mawaƙi a ɓoye. In aka mayar da saurin gyaran sifiri, murya na tsallakawa daga mataki zuwa mataki ba santsi. T-Pain ya yi suna da wannan daga 2005, daga nan murya ta zama ɗaya daga kayan kiɗa, ba mai kawo saƙo kaɗai ba.

Tsawo kuma: baiti mai layi 16 a bugu 90 sakan 43 ne. Baiti uku, amshi mai layi 8 sau uku, da shimfiɗa, ka kai minti uku da rabi zuwa huɗu. Faifan Sugarhill Gang na 1979 ma ya kusa minti 15. Na yanzu baiti biyu ne, wani lokaci ɗaya, amshi a gaba, minti biyu da 'yan kai an gama.

Ummu Rayyan, Hindawiyya, Jidda

Injiniya ya yi bayanin wurin dafawa, saura wurin ci. Kunne yana ginuwa ne kan abin da aka saurara da shi, kuma a ƙasar nan wannan ya canza fiye da yadda ya canza a Amurka.

Masu arba'in da hamsin na yanzu sun tashi lokacin da ba a taron kiɗa a fili. Rap ta kaset yake shigowa, da dish, da hannun wanda ya dawo daga waje. Waƙoƙin gida kuma alhazai da 'yan Kano-Jidda ke kawowa. Kaset C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45. Tsallake waƙa wahala ce, ga cin batir, ga zare na iya harɗewa. Don haka gefe ɗaya ake bari ya tafi har ƙarshe, kuma kaset kaɗan mutum ke da su, yana ta nanata su wata da watanni. Wanda ya saurara haka dole ya haddace baiti, dole ya san wace waƙa ke bin wace. Shi ya sa ma'auninsa har gobe shi ne: me mawaƙin ya ce, ya iya jero labari?

Intanet ta buɗe ga jama'a a Saudiyya a 1999, amma abin da ya sauya hannun matasa shi ne jawwal, wato wayar hannu, mai Bluetooth da katin memori a tsakiyar shekarun 2000. MP3 mai 128 kusan megabait ɗaya ne a minti, don haka waƙa ɗaya-ɗaya ake turawa, ba kundi ba, sau da yawa ma ba sunan mai ita. Rap ɗin unguwannin Jidda na lokacin ta nan ya yaɗu, mafi yawansa zambo da martani, an ɗauka a ɗaki da makirfon kwamfuta, murya a sama, kiɗa a ƙasa. Wannan rukuni na tsakiya, 'yan talatin da wani abu, su ne ake mantawa a gardamar nan, alhali su suka fi jure wa kowane ɓangare. Su suka ga Qusai yana gabatar da shirin Hip HopNa a MTV Arabia a 2007, su suka ji Big Hass ya fara Laish Hip-Hop a rediyon Mix FM a 2011.

Na ƙasa da su kuwa sun buɗi ido an kafa hukumar nishaɗi a 2016, Spotify ta shigo a 2018, Anghami na nan tun kafin ta. A Yulin 2019 aka yi babban taro a nan Jidda inda 50 Cent da Future suka hau dandali ɗaya, a Disamba kuma aka fara taron MDLBeast a Riyad. A Spotify sai an saurari waƙa sakan 30 ake ƙirga ta. Duk mai shimfiɗa ta sakan 25 kafin ya buɗe baki ya ba mai sauraro damar wucewa kafin a ƙirga masa. Kuma waƙa biyu masu minti bibbiyu ƙirge biyu ne, mai minti huɗu ƙirge ɗaya. Ga TikTok da Snapchat, inda sakan 15 na waƙa ke yawo ba sauran jikinta. Gajartar ba lalaci ba ce, lissafin abinci ne.

Abu biyu kuma da ba a cika faɗa ba. Na ɗaya, rap ɗin manya da Turanci yake, na yaranmu mafi yawa da Larabci: Wegz da Marwan Pablo daga Masar, 'yan Sudan irin su Dafencii da Soulja, da na yankin Halij. In baba ya ce ba ya jin kalma, sau da yawa karin Larabcin titi ne na Iskandariyya ko Hartum bai saba da shi ba, ɗansa kuwa yana ji tsaf. Ga shailat, waƙoƙin 'yan ƙasar nan, da ke tashi a kowace mota da kowane biki, murya cike da Auto-Tune. Yaron nan bai taɓa jin wannan muryar a matsayin baƙuwa ba. Na biyu, maganar tarbiyya. Ina tare da duk uwar da ke tsoron abin da ke shiga kunnen ɗanta, amma kada mu ce na da tsarkakakke ne. Tambarin gargaɗin iyaye baƙi da fari tun 1990 yake kan faifai, Tupac harbe shi aka yi a 1996, Biggie a 1997. Bambancin shi ne a da iyaye ba sa jin Turancin, yaron ma rabi yake ji. Yanzu da harshen da ake magana da shi a gida ake faɗa, ga hoto a tafin hannu.

Malam Tijjani, Madina

Na gamsu da lissafin Injiniya da na Hajiya, amma ban yarda a ɗora komai kan na'ura da kasuwa ba. Ga mai yi da Hausa, babbar matsalar tana cikin harshen, kuma ita ke sa manya su ce ba sa jin kalma ko da da Hausa aka yi.

Hausa tana auna gaɓa. Akwai sassauƙa, baƙi da gajeren wasali, irin "da". Akwai mai nauyi, mai dogon wasali ko mai rufewa da baƙi, irin "Jid". Mai nauyi tana cin lokacin sassauƙa biyu. Wannan shi ne tushen karin rubutacciyar waƙa tun daga su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, kuma makaɗan baka ma a kansa suke tafiya ko ba su karanta aruli ba. Salon zubin da ya mamaye rap tun wajen 2013, wanda Migos suka yi suna da shi ko da yake 'yan Memfis sun riga su, yana raba bugu gida uku ya ba kowace gaɓa lokaci daidai wa daida. In ka zuba Hausa a wannan ma'auni ba gyara, dogon wasali ya matse. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo tsawon wasali ne ya raba su. In ka matse, mai sauraro sai ya tsaya laluben ma'ana, kafin ya gano layi biyu sun wuce shi.

Gyaran a takarda ake yin sa. Ka zana gida 16 ga kowane layi. Sassauƙa gida ɗaya, mai nauyi gida biyu. Misali: "Na taso Jidda, tushena Kano." Gaɓa goma ce kawai, mai ƙirga gaɓa zai ce ta shiga har da saura. Amma auna: na 2, ta 2, so 2, Jid 2, da 1, tu 2, she 2, na 2, Ka 1, no 2. Gida 18 ke nan, ta yi ambaliya da biyu. Cire "na" ɗin tushena, "Na taso Jidda, tushe Kano", 16 cif. Sai dai ba wurin numfashi, don haka layin da ke bi kada ya wuce 12 ko 13. Kuma ka yi ƙoƙari gaɓa mai nauyi ta sauka kan sineya. In sassauƙa ta sauka can, mawaƙi zai ja ta ba da saninsa ba, kalmar ta karkace.

Sai amsa-amo. Kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, don haka ƙare layi ashirin da "a" ba gwaninta ba ce, kowa zai iya. Abin da Rakim ya kawo wa rap ɗin Turanci a 1987, amsa-amon ciki da haɗa gaɓa biyu ko uku, shi manya ke nema, kuma Hausa tana da wanda ya fi shi: amsa-amon kari, inda hawa da saukar murya na ƙarshen layuka ke dacewa. Mai Auto-Tune ya kula a nan. In karin waƙar ya hau a inda kalma ke sauka, musamman kalmar ƙarshen layi, Bahaushe zai ji wani abu ya goce ko bai iya faɗin mene ne ba. Ka fara faɗin layin da bakinka yadda ake magana, ka ji inda ya hau da inda ya sauka, sannan ka gina karin a kan haka.

Wani abin da nake so manya su yi adalci a kai: gajeren amshi da ake ta nanatawa ba baƙon abu ba ne gare mu. Shata, Allah ya jiƙansa, layi ɗaya 'yan amshinsa ke riƙewa daga farko har ƙarshe, shi yana zuba magana a tsakani. 'Yan kalmomin da mawaƙin yanzu ke jefawa a bayan muryarsa aikin sanƙira ne. Zambo da habaici da kirari duk muna da su, ba banza kafafen labaranmu ke kiran rap gambarar zamani ba. Har waƙar marasa gaskiya an yi, Gambu ya shekara yana yi wa ɓarayi kafin ya bari. Rap ɗin Hausa kansa ya bi zamani biyu: su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong a Nijar, da su Ziriums da Billy-O a Kano, saƙo ne a gaba, gyara kayanka da sukar shugabanni, har na Kanon suka yi ta karo da hukumar tace finafinai ta Kano a ƙarshen shekarun 2000. Su ClassiQ da Morell da DJ AB da BOC Madaki kuma sun zo da sabon kiɗa da wasa da harshe. Waɗanda suka daɗe ana jin su a cikin duka rukunan biyu, in ka auna layukansu, za ka tarar ba sa take tsawon wasali.

Abu Salma, Jidda

Allah ya saka da alheri, Malam, awon gida 16 ɗin nan ya warware abu babba. Injiniya, saura matsala biyu da masu ƙananan situdiyo ke kuka da su. 808 tana girgiza mota amma a sifikar jawwal sai ta ɓace gaba ɗaya, waƙar ta zama fanko. Sannan in mawaƙi ya ɗauko karin Larabci a amshi, Auto-Tune sai ya rinƙa fizgar muryar tana rawa. Ina gyaran?

Injiniya Bashir, Shara Mansur, Makka

Ta farko ba laifin 808 ba ne. Sifikar jawwal kusan ba ta fitar da komai ƙasa da wajen 200 Hz, ita kuwa 808 tana zaune wajen 50. Abin yi shi ne a haifar mata 'ya'ya a sama, 100, 150, 200, 250, kunne zai ji su ya cike uwar da kansa. Ka kwafi layin 808 ya zama biyu. Na farko ka bar shi yadda yake, ka tabbata duk abin da ke ƙasa da 120 Hz a tsakiya yake, ba a baza shi hagu da dama ba. Na biyu ka sa masa abin ƙona sauti, satureshan ko distoshan, sannan ka yanke ƙasansa daga 120 zuwa 150, ka yanke samansa daga wajen 3,000. A kula da jerin: ƙonawa kafin yankewa. In ka fara yanke ƙasan, ka cire abin da za a ƙona. Ka shigo da shi a hankali, wajen desibel 10 ƙasa da na farko, kana saurare a jawwal ɗin kanta har ka fara jin hawa da saukar bes ɗin.

Kurakurai uku ke biyo baya. Ba a daidaita muryar 808 da ta kiɗan ba: FL Studio, abin haɗa kiɗa a kwamfuta, yana ɗauka duk sautin da ka loda a muryar C yake, in kuwa F ne to duk abin da ka zana ya goce, sai ka duba da abin auna murya ka gyara tushen. Na biyu, bugu na hawa kan bugu, rugugi biyu su haɗu su zama laka. Ka kunna abin da ke sa sabon bugu ya katse na baya. Na uku, kik, wato babbar ganga, da 808 suna sauka tare suna cin juna. Ko ka gajarta kik, ko ka sa 808 ta rusuna masa desibel 3 zuwa 4 na ɗan ƙiftawa.

Auto-Tune kuma matakan fiyano 12 ya sani in ba a gaya masa wani abu ba. Maƙamai, wato kare-karen kiɗan Larabawa, irin Rast da Bayati da Sika suna da matakin da ke tsakanin maɓalli biyu, sai ya rasa inda zai kai muryar, ya rinƙa jifa da ita sama da ƙasa. Ko dai a gina amshin kan Nahawand ko Kurd ko Hijaz ko Ajam, waɗanda ke zama kan fiyano ba rigima sosai, ko a saukar da matakin da abin ya shafa da santi 50, wato rabin tazarar maɓalli da maɓalli, in manhajar ta yarda, ko a ce ya ƙyale wannan matakin kada ya taɓa shi. In karin na Hausa ne ko na Sudan mai matakai biyar, ka cire sauran bakwai ɗin daga jeri, rawar za ta ragu ƙwarai. Saurin gyara 0 zuwa 5 shi ne muryar shabab. 20 zuwa 40 yana gyarawa ba tare da manya sun tsargu ba. Ga waƙar da ake so kowa ya ji, baiti a 30, amshi a 5.

Ɗauka ma tana ɓata shi. Ɗakunanmu tayil ne da siminti, amsa-kuwwa na rikita shi. A kashe kandishan lokacin ɗauka, a jingina katifa a bayan mawaƙi, a rataya bargo mai kauri. Kwalin ƙwai ba ya tare komai. Tazarar baki da makirfo santimita 15 zuwa 20 da matacin iska a tsakani, don ƙ da ts na Hausa suna bugun makirfo. Ƙarfin ɗauka ya tsaya tsakanin desibel -12 da -6. In ka ji gunjin lantarki, wutar ƙasar nan 60 Hz ce, ba 50 irin ta Najeriya da Nijar ba. Saitin da aka turo daga Kano zai yanke wurin da ba shi ba. Ka yanke 60 da 120 da 180. Wajen kammalawa kada a matse waƙa don ta fi ta kowa ƙara, Spotify tana daidaita ƙarar kowa wajen -14 a ma'aunin ƙara, abin da zai rage maka shi ne murya da ta shaƙe. Kuma a WhatsApp a tura ta a matsayin fayil.

Faisal, Karantina, Jidda

Kawu Bashir da Baba Malam sun gama da situdiyo, bari in ɗauki ɓangaren istiraha, in kuma ɗan kare tsararmu. Ba wai ba ma jin kalma ba ne. Muna auna yadda murya ke zama cikin kiɗa, inda mawaƙi ya yi shiru, inda ya sauya zubi a tsakiyar baiti. Yin shiru na bugu biyu a daidai wurinsa aiki ne, ba ƙarancin magana ba.

Gadar da ta fi aiki tsakaninmu da manya ita ce diril, ba tiraf ba. Diril ya taso a Shikago farkon shekarun 2010, 'yan kudancin Landan suka sauya masa kiɗa, Pop Smoke ya mayar da salon Landan ɗin Burukilin a 2019. Yana wajen 140 zuwa 144, sineya na sauka a bugu na 3 a layin farko, ta koma na 4 a na biyu, 808 na zamewa daga murya zuwa murya. Amma hayihat ɗinsa uku-uku-biyu yake tafiya. Wannan awon shi ne na kiɗan Larabawa da ake kira malfuf, shi ne na kiɗan Halij da ake tafawa a bukukuwan ƙasar nan, yana kuma cikin afrobit. Duk wanda ya zauna Hijaz kunnensa ya san shi. Ka cire hayihat ɗin ka sa tafi ko duffi ko kalangu a gurbinsa, dattijo zai bi ba tare da an ce masa ga sunan kiɗan ba.

Wajen jerawa, kada a haɗa 90 da 140 kai tsaye, ja ko matse waƙa fiye da kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari yana lalata murya. A fara da na da a 88 zuwa 95 lokacin da manya ke zaune ana shan shayi, a hau afrobit da waƙoƙin Hausa a 100 zuwa 110, amapiyano wajen 112, sannan a katse da amsa-kuwwa a shiga 140. Mai son haɗawa ba katsewa ya kai tsohuwar waƙar 93 da ɗigo 3: in aka raba bugunta gida uku, daidai yake da hayihat mai sau biyu a bugu na 140, duka 280 a minti, sai ya shigo da hayihat ɗin sabuwar shi kaɗai na layi huɗu kafin ya saki bes.

Waƙoƙin shekarun 1990 an kammala su da ƙarancin ƙara, in ba a ɗaga musu ba za su yi sanyi bayan sababbi, shabab su ce ga abin da muke faɗa. A daidaita ƙarfin kowace tun a gida. Filin istiraha a buɗe yake, bes na watsewa. Manyan sifikun ƙasa masu inci 18 a haɗa su wuri ɗaya a ƙasa kusa da bango, kada a raba su gefe da gefe, a raba aiki tsakaninsu da na sama a 90 zuwa 100 Hz. Fayil ɗin da aka sauke daga YouTube a 128 yana tsatsa a babbar sifika, a nemi 320 ko WAV.

A tanadi kwafin da aka share ashar na kowace waƙa, tsohuwa da sabuwa, a saurare shi har ƙarshe kafin ranar, don wasu Turancin kawai ake sharewa a bar na Larabci. A kashe kiɗa in an kira salla. Taron da za a sayar da tikiti sai da lasisin hukumar nishaɗi. Mai ɗaukar bidiyo kuma ya yi hattara da sunan Makka da Madina a waƙa: a 2020 hukumar yankin Makka ta ba da umarnin kama waɗanda suka yi wani bidiyon rap da aka danganta da garin. Abu Salma, in waƙar da kake magana a kai ta kai matakin gwaji, a ji ta a wuri uku kafin a sake ta: jawwal a kan tebur, mota gilashi a rufe, da sifikar istiraha daga nesa da taku ashirin.